Maiƙon Farin Sarki

Da Uwar Sanyi ta shiga ɗakin sanyin da take ajiyar kifinta da safiyar nan, ba ta yi ihu nan take ba. Tsayawa ta yi tana kallon kusurwar dama, inda siminti ya nuna shatar kwali, kwalin kuwa babu shi. Sai da ta cika ƙirjinta da iska sannan ta saki murya, muryar kuwa ta kai har wurin masu ɗinkin tarun kamun kifi a bakin ruwa.

"An sace mini farin sarki!"

Farin sarki shi ne kifin da ya fi kowane daraja a kasuwar. Wannan kwalin daga wani jirgin ƙasar waje aka sayo shi, tsoka zalla, ba kai ba fata, a daskare, kuma wani babban otal ya riga ya ce a ajiye masa. Ba a fasa kwaɗo ba. Makulli na nan inda aka saba ɓoye shi, ƙarƙashin sikeli, ɓoyon da kowa ya sani yake kuma yin kamar bai sani ba.

Kafin hantsi kasuwa ta gama shari'a. Baƙuwa ce ta sata. Mai gyaran kifi ce, daga wata ƙasa ta ƙetaren ruwa. Ta daɗe a nan, amma ba wanda ya wahalar da kansa ya riƙe sunanta. Ita ke buɗe ɗakin da asuba. Ga shi kuma shekaranjiya an ji ta tana sa'insa da Uwar Sanyi a kan wannan kwalin, har ta ce da nata ne da teku za ta mayar da shi. Mutanen kasuwar sun yi imani cewa ɗan gida ba ya sata, duk da cewa tun kafin wani baƙo ya taka cikinta ake cinikin kwaɗo a bakin ƙofarta.

Uwar Sanyi ba ta son 'yan sanda tun da wuri, domin rufe ɗakin za su yi su zauna tambayoyi, kifi na narkewa. Sai ta ce a kira mata Mai Sawu.

"In bai kawo mini wani ba kafin la'asar," ta ce, tana nuna Baƙuwa da baki, "wannan zan miƙa musu, teburinta kuma a ba wata."

*

Mai Sawu tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin ɓatattun dabbobi da ɓarayinsu a daji, kafin ciwon gwiwa ya dawo da shi gari kusa da yayansa, wanda shi ne babban dillalin kasuwar kifin. Saƙon ya same shi a ranar da bai so ko inuwarsa ta gan shi ba. Da asuba ya farka ya tarar da wani maiƙo ruwan goro a wandonsa da zanin gado. Ba ciwon ciki, ba murɗa, abin ya zo ne kawai ba sallama. Matarsa ta naɗe zanin ta jiƙa a baho. Shi dai ya riga ya yanke wa kansa hukunci: tsufa ne ya iso, kuma ta ƙofar baya ya shigo.

"Ko abincin gidan Yaya ne na jiya?" matar ta tambaya, idonta a kan baho.

"Kul. Tun ina yaro nake cin abincin gidan Yaya."

"To ka ce musu ba ka da lafiya."

"In na ce haka dubiya za su zo."

Ya ninke tsumma ya sa a wando, ya zaɓi rigarsa mafi duhu da tsawo, ya fita yana takawa kamar mai ƙwai a aljihu.

*

Gaban ɗakin sanyi an riga an tattake shi, kowa ya zo jaje da ƙafafunsa. Ya zaga baya. Jiya ranar hutun kasuwa ce, don haka rairayin wajen bai ga mutane da yawa ba. A da durƙusawa yake yi har gemunsa ya kusa share ƙasa. Yau a tsaye ya yi karatun, hannu a baya yana riƙe da riga. 'Yan kallo suka riƙa zungurar juna.

"Ka ga gwani. Ko sunkuyawa ba ya yi."

Sawu uku ya gani. Akwai tayar baro. Akwai takalmin roba ƙarami, na mace. Akwai kuma takalmin fata na namiji, irin wanda rabin dattawan gari ke sawa. Mai takalmin fatan ya shiga sakayau ya fito da nauyi. Bai ɗora kayan a ka ba yadda 'yan kifi ke yi. Rungumarsa ya yi a ciki, shi ya sa dunduniyarsa ke nutsewa, yana rinjaya baya. Bai yi nisa ba ya sauke, ga shatar kwali a rairayi, ya huta, ya sake ɗauka. Mutum ne da ya san hanyar makulli amma bai san nauyin kifi ba.

A bakin kwalta ya sauke ya daɗe, da alama abin hawa yake jira a cikin rana. Nan kwalin ya fara narkewa ya bar tabo. Ruwan kifi in ya kwana bushewa yake. Wannan bai bushe ba. Mai Sawu ya cire takalmi ya dangwala da babban yatsa, ya murza a ƙasa. Maiƙo ne. Daga nan kwalta ta haɗiye sauran labarin.

Da ya dawo bai ambaci takalmin fata ga kowa ba. Bai saba ba mutane rabin magana ba, domin ya san su suke ƙarasa ta da abin da ransu ke so.

*

Mai Ƙanƙara ƙato ne, yana fasa ƙanƙara da guduma kamar ta yi masa laifi.

"Barona ne, Baba, ban musa ba. Amma wa ya ce na jiya ne?"

"Raɓar dare ɗaya ce ta sauka a kansa. Da na shekaranjiya ne da gefensa ya zube."

Ƙaton ya ajiye guduma, ya waiga hagu da dama, ya rage murya har ta koma ta ɗan yaye.

"Ragowar ƙanƙara ce, Baba, wadda za ta narke a banza. Ranar hutu nake kai wa masu sayar da lemo. Don girman Allah kada Uwa ta ji. Ita ta yi mini auren fari."

"Ka ga kwalin?"

"Da na zo da hantsi babu shi. Na ɗauka otal ne suka aiko aka ɗauka."

Mai Sawu ya yarda da shi, ba don rantsuwar ba. Tayar baron ta bi ta kan takalmin fata, kuma abin da ya ɗiga daga baron ya bushe ƙarau.

*

Baƙuwa an zaunar da ita a kan kifaffen baho a ɗakin sikeli, an karɓe wuƙarta. Da ta gan shi ta ɗage haɓa.

"Baba, kai ma ka zo duba ko na ɓoye kwali a cikin ɗankwali?"

"Na zo in ji abin da ya kawo ki jiya."

"Ban zo ba."

"Takalminki ya zo. Ya shiga da bokiti a hannun dama, ya fito ba nauyin da ya ƙaru."

Ta shiga kankare ɓawon kifi daga farcenta. Da ta buɗe baki kuwa, bango take wa magana.

"Gidan da nake haya, mai gidan ya kulle ban ɗaki, ya ce muna cinye masa ruwa. Ranar hutu nake zuwa in yi wanka a famfon ciki." Ta juyo da sauri. "In ka faɗa, gobe duk kasuwa za ta ce Baƙuwa na wanke jikinta inda ake wanke kifin mutane. Gara a kira ni ɓarauniya. Ɓarauniya aƙalla ba a toshe hanci in ta wuce."

Mai Sawu ya gyara tsayuwa. Yau ya fi kullum fahimtar irin wannan magana.

"Kwalin fa? Me ya haɗa ku?"

"Ba farin sarki ba ne."

"'Yan jirgi sun ce shi ne. Dillali ya ce shi ne."

"Dillali ya taɓa shi? A kasuwar nan da kunne kuke sayen kifin jirgi. A kira suna, a tafa, kwali a rufe, wai buɗewa raini ne ga mai kaya. Ni da na zo gyara jeri murfin ya ɗage, na shafa tsokar, hannuna ya fito kamar na taɓa man kitso."

"To mene ne shi?"

"A ƙasarmu yana da suna." Ta kawar da kai. "Ba na faɗinsa gaban sa'an ubana."

"Kin faɗa wa Uwa?"

"Na ce mata ba shi ba ne. Ta ce yaushe na sauko daga kwale-kwale da zan koya mata kifi. Ni ma zuciya ta ɗebe ni, na faɗi abin da na faɗa." Ta ja tsaki. "Ku da farin sarkinku. Wanda kuke wa rawar kai ɗin ma, a wurinmu kyanwa ake jefa wa."

*

Jirgin bai tashi ba tukuna. Kukunsa na zaune a kan akwati a bakin gadar da jirage ke tsayawa yana ɓare albasa, mutum mai tumbi da fara'a, maganarsa rabi da baki rabi da hannu.

"Farin sarki ne mana! Haka muke kiransa a ƙasarmu tun kakanni. Baƙi ne wuluk a waje, manyan idanu, ciki fari fat."

"Namu ruwan azurfa ne, da jan baki a wutsiya."

"Wannan? Ai mu ɗan gwauro muke ce masa." Kuku ya yi dariya. "Tsoho, na zaga tashoshi da yawa. Kifi ɗaya sai ka ji masa suna goma, suna ɗaya kuma sai ka tarar kifi uku ke amsa shi. Ni na daina tambayar suna, sai dai in ce a nuna mini fuska."

"Naku yaya ake cinsa?"

"A kan wuta, a bari maiƙon ya tsiyaye tas. Kuma kada ka wuce faɗin tafin hannunka. Daɗi gare shi kamar me, nan ne tarkon."

"In an wuce fa? Ko aka dafa shi cikin miya?"

Kuku ya ajiye wuƙa, ya dafe kai, sannan ya juya ya buga mazaunansa.

"Ba ciwo, ba murɗa. Kana zaune kana hira sai ka ji ɗumi. Maiƙo, ruwan goro, sabulu ba ya fitar da shi. Mataimakin kyaftin ɗinmu ya taɓa yini biyu a ɗaure da tawul." Ya share hawayen dariya da na albasa. "Lafiya, tsoho? Ka zauna mana."

"A'a," in ji Mai Sawu. "Tsayuwar ta fi."

Abin da ya fara zuwa masa farin ciki ne: ashe ba tsufa ba ne. Farin cikin bai yi numfashi biyu ba abin da ke bayansa ya iso. Jiya da rana, a gidan Yaya. Iyayen mijin 'yar Yaya, mutane masu hali, sun zo ziyara karon farko, Yaya kuwa ya daɗe yana gaya musu cewa a gidan dillali ba a cin kifin kowa da kowa. Babban faranti, farar tsoka mai laushi cikin miya, maiƙo na yawo a sama. "Ci mana, Auta, farin sarki ne." Ya ci, ya ƙara, har ya suɗe yatsa.

Ya bi sawu zuwa gidajen mutane da yawa a rayuwarsa. Bai taɓa bin wanda ya ƙare a cikin wandonsa ba.

*

Tun daga ƙofar gidan Yaya igiyar shanya ta ba shi amsa. Wanduna ne jere, da zannuwan gado, har da rigar kujera, kowane da tabo ruwan goro a wuri ɗaya. Matar Yaya na durƙushe tana dirzar tabarma da toka. Ta amsa gaisuwarsa ba ta ɗago ba. A bakin ɗaki ga takalmin fata, rairayin bakin teku a maƙale a dunduniya. A bayan murhu ga guntun kwali da wuta ba ta gama ci ba.

Yaya na kwance a kan buhu, ya juya wa ƙofa baya. Shi ne ya riƙe Mai Sawu tun rasuwar mahaifinsu, shi ya saya masa takalmin farko, shi ya nema masa mata. Har yau da furfura ta cinye su duka, Auta yake kiransa.

"Ka zo," in ji Yaya.

"Na zo, Yaya. Baƙin fa?"

"Sun tafi tun da sassafe. Uban yaron da mayafin matarsa ya ɗaura. Ko sallama ba su tsaya yi ba." Ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. "Na ce su ci abin da ba su taɓa ci ba. Sun kuwa ci."

Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, kamar shi ne aka kama.

"Ba sata na yi niyya ba, Auta. Na riga na cika baki, na zaga kasuwa ban samu ba, ga wannan a ajiye, ni na yi cinikinsa da bakina. Na ce in jirgi na gaba ya zo in mayar mata kafin otal su aiko. Wa ya san yau za ta duba kusurwar?"

"An kama Baƙuwa."

"Na ji."

"Da la'asar za a miƙa ta."

Yaya ya juyo a hankali, yana kiyaye yadda yake motsi.

"Ita ba ta da kowa a nan. In an kore ta wata tasha za ta je, can ma Baƙuwa za a kira ta, me ta rasa? Ni fa? Muryata ce kasuwar nan. 'Yata na gidan mutane. Ka ce kwalta ta cinye sawun, ai ba ƙarya ka yi ba." Ya miƙo hannu. "Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka rufa mini asiri, Auta."

Mai Sawu ya kalli hannun. Hannu ne mai laushi, wanda ya shekara da shekaru yana nuna kifi daga nesa. Bai kama ba, bai kuma ce a'a ba. Ya ce, "Su ma dattawa za su neme ka a zaman la'asar," ya juya ya fita.

*

Da la'asar aka jera bencina a gaban ɗakin sanyi. Dattawan kasuwa suka zauna, Uwar Sanyi a tsakiya. Yaya ya iso a makare cikin babbar riga, ya shimfiɗa ninkakken buhu a kan benci, ya ce basir ne ke damunsa, aka yi masa sannu. Mai Ƙanƙara na tsaye yana gumi. Baƙuwa na kan bahonta. Kuku ma ya zo, Mai Sawu ne ya aika masa.

"Baro ya zo bayan an ɗauki kwali," Mai Sawu ya fara. "Abin da ya ɗauka ruwa ne, ba kifi ba. Takalmin wannan baiwar Allah shi ma daga baya ya zo, ya fita yadda ya shiga."

"Me ya kai ta ranar hutu?" wani ya jefo daga baya.

"Ba kifi ba. Abin da aka ce in nemo ke nan."

Baƙuwa ta ɗago ta dube shi, ta sake sunkuyawa.

"To wa ya ɗauka?" in ji Uwar Sanyi. "Ban kira ka ka wanke mini mutane ba. Ɓarawo na ce ka kawo."

"Namiji ne mai takalmin fata."

Dattawa suka ja ƙafafunsu ƙarƙashin benci kusan a tare.

"Takalmin fata!" Uwar Sanyi ta tafa hannu. "Ai ko ita za ta iya aron takalmi, ko ta turo saurayinta. Suna nake so, Mai Sawu. In babu suna, a kira 'yan sanda su ɗauke ta."

Aka yi ta "haka ne, haka ne." Mai Sawu ya saci kallon Yaya. Yaya na duban tsakanin ƙafafunsa, yana jan carbi da sauri. Kalma ɗaya ce: kwalta ta cinye. Ba wanda zai zarge shi, gwani ma yakan rasa sawu. Ya ji kalmar ta hau harshensa ta zauna. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Kuku, gaya musu abin da ka gaya mini."

Kuku ya gaya musu, da baki da hannu da mazaunai. Kafin ya gama matasa sun faɗi ƙasa da dariya. Uwar Sanyi kaɗai ba ta dara ba. Fuskarta ta yi toka, da alama tana hango manyan otal cikin fararen kaya suna tashi daga tebur ɗaya bayan ɗaya, da sunanta a bakinsu.

"Ashe ɓarawon na ɗauke da shaidarsa!" in ji mai jefo magana daga baya. "Kowa ya tashi ya juya mana baya!"

"A tashi! A juya!"

Dattawa suka fara muzurai. Carbin Yaya ya tsaya cak.

"Ba sai an tayar da kowa ba," in ji Mai Sawu.

Ya taka zuwa tsakiyar fili. Ya juya musu baya. Ya kama gefen doguwar rigar da ya yini yana riƙo, ya ɗage ta. Tsumman ya daɗe da gazawa. Tabon ya bazu a farin wandon, ruwan goro, faɗin faranti.

Dariyar ta tashi, ta kai rabi, ta mutu. Ba a saba ganin tsoho haka ba. Wata mai soya kifi ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa ji yake kamar an kwara masa tafasasshen ruwa daga ƙeya har dunduniya, amma bai saki rigar ba, har kowa ya gani.

"Na ci kifin," ya ce, bayansa gare su har yanzu. "Sawun a kaina ya ƙare. Yarinyar nan ba ruwanta. In mutum kuke so ku miƙa, ga ni."

"Kai ka sata?" muryar Uwar Sanyi ta sauko ƙasa.

"Na ce na ci."

"A ina ka ci?"

Ba a ma bukaci ya amsa ba, domin ba wanda bai san gidan da Mai Sawu ke cin abincin ranar hutu ba tun da ya dawo gari. Amma ba wanda ya yarda ya fara juya kai. Kowa ya sami abin kallo, wani sikeli, wani sama, wani farcensa.

Benci ya yi ƙara. Yaya ya miƙe. Buhun ya biyo rigarsa ya manne, sannan ya saki ya faɗi, ya bar katako yana ƙyalli.

"Ku ƙyale yaron nan," ya ce. Muryar da ke kai wa ƙarshen kasuwa yau da ƙyar ta kai ƙarshen benci. "Saukar da rigarka, Auta. A gidana ya ci. Ni na ɗauka."

*

Ba a kira 'yan sanda ba. Uwar Sanyi ta daɗe tana kallon bencin, sannan ta ce, ba tare da ta dubi Yaya ba, "Za ka biya. Kuma daga gobe kada in ji muryarka a kan kayana." Sauran masu ɗakuna suka gyaɗa kai, kowa ya san ma'anar hakan. Ta juya wajen Baƙuwa, bakinta ya motsa kamar za ta ce wani abu mai nauyi, abin ya ƙi fita. Sai ta daka wa Mai Ƙanƙara tsawa.

"Kai kuma ka tsaya kana kallo? Mayar mata da wuƙarta! Kuma daga yau duk kwalin jirgi a buɗe a gabanta, raini ko ba raini ba."

Taro ya watse da sauri, irin watsewar mutanen da suka yi shari'a da safe suka ga ba ta kai yamma ba. Ba wanda ya ba Baƙuwa haƙuri. Wasu dai sun gaishe ta da suka zo wucewa, abin da ba su saba ba.

Ta shiga ɗaki ta fito da tsofaffin zannuwan aiki guda biyu, ta miƙa wa Mai Sawu, idonta a gefe.

"Ku ɗaura. Hanya da mutane." Ta rage murya. "Baba, ba ka faɗi nawa sirrin ba."

"Ba a tambaye ni ba."

"An tambaye ka." Ta gyara riƙon wuƙarta. "Sunan nan da na ƙi faɗa maka. Ɓata-wando muke ce masa."

"Ƙasarku ta fi mu gaskiya," in ji Mai Sawu.

Ya kai wa Yaya zani ɗaya. Yaya ya karɓa ya ɗaura a kan babbar rigarsa, bai dube shi ba. Suka bi ta bayan ɗakin sanyi, inda babu mutane, Yaya a gaba, ƙanen a baya, yadda suka saba tafiya tun suna yara. Sawun jiya na nan a rairayi, da shatar kwalin a wuraren da aka sauke aka huta. Yaya ya gan su ya ɗauke kai, ya ƙara sauri.

Mai Sawu ya rage tafiya. Duk inda takalmin fatan ya nutse ya sa ƙafarsa a kai ya murza, ɗaya bayan ɗaya, har bakin kwalta. A can ya tarar Yaya ya tsaya, bayansa gare shi, yana jiransa.